Ƙodar Hansai

Jiya a bakin famfo na ji ɗayarku tana gaya wa ƙawarta wai ta yi sa'a, an turo ta ɗakin masu dashen ƙoda, inda babu jini, babu gudu, babu mai ihu. Wai aikin duka a ɗora mutum a sikeli, a leƙa fitsari a kwalba, a tambaye shi ko ya sha magani, a sallame shi. Ban tanka ba don alwala nake yi. Amma yau tunda marasa lafiya sun watse, wuta kuma ta ɗauke, ku jawo bencin nan ku zauna. Ke mai tabarau, ajiye wayar, ba guduwa za ta yi ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan fanni, a wani babban asibiti a Kano, shi ne in zauna kusa da jakar fitsari in yi ta kallo. Lokacin ina ji da kaina, na daɗe ina jinya a nan Haɗeja, na karɓi haihuwa, na ɗinke sara, sai ga shi an aiko ni kwas an ba ni kujera da jakar roba. Babbar da ke koya mana, Sista Ladi, mace ce gajera mai ƙaramar murya, amma in ta dube ka sai ka gyara tsayuwa. Ta nuna min wata yarinya da aka fito da ita daga tiyata, ta ce, "Wannan ta fi shekara ba ta yi fitsarin kirki ba. Zauna ki ga abin da ba kowa yake gani ba."

Na zauna ina ƙunƙuni a zuci. Can sai ɗigo ɗaya ya gangaro cikin siririyar robar, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya faɗa. Wani ya biyo shi. Hasken taga yana bi ta cikinsu, launin ruwan zuma. Ban san lokacin da ƙunƙunin ya bar ni ba. Naman da ɗazu yake cikin wani mutum daban, ga shi yanzu a marar yarinya yana aikinsa, bai tambayi kowa hanya ba. Har aka kira la'asar ina nan, ina zuba abin da ya taru a kofin awo, ina ji kamar ina zaune a zaure ana yayyafin farkon damina. Da Sista Ladi ta dawo ta ce, "Likita ya gama nasa aikin a wuni ɗaya. Namu yanzu ya fara, kuma ba shi da ranar tashi."

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Ga sikeli, ga kofin awo mai layi-layi, ga ma'aunin zafin jiki, ga na'urar awon hawan jini. Sai kwalaben da muke ɗibar jini mu aika a duba ko ƙodar tana tacewa. Amma wanda ya fi su duka babban yatsanki ne. Ki danna shi a ƙaurin mutum, ki ɗaga, ki jira. In wurin ya taso nan take, alhamdu lillahi. In rami ya zauna, ruwa ya fara taruwa a jiki. Sai tafin hannu: sabuwar ƙoda ba a baya ake sa ta ba, inda tsofaffin suke, a gaba ake dasa ta, ƙasan ciki gefe ɗaya, kusa da fata har ana iya taɓa ta. Lafiyayya ba ta zafi, ba ta ciwo. Sista Ladi ta sha buge min hannu tana cewa, "Ba kwaɓin fulawa ba ne, a hankali." Ita ce kuma ta koya min in mutum ya shigo in fara duban ƙafarsa kafin fuskarsa. Fuska takan yi miki murmushi ta ce lafiya lau, ƙafa kuwa ba ta iya wannan ba.

Abin da ya sa aikin ba ya ƙarewa shi ne, jiki bai taɓa yarda da baƙuwar ƙodar nan ba, ko ta uwa ce. Garkuwar jiki kamar 'yan sintirin unguwa take, duk wanda ba su sani ba sai su far masa. Magungunan da muke bayarwa safe da yamma gyangyaɗi suke sa su. In maganin ya yi yawa suka yi barci mai nauyi, kowace cuta sai ta shigo ta wuce: tari, zazzaɓi, gudawa, ƙurajen baki. In ya yi kaɗan suka farka, sai su juya kan ƙodar. Tsakanin nan biyu muke tafiya da mutum har ƙarshen ransa.

Da na dawo gida aka ba ni wannan ɗakin, don kun san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankinmu, ba kuma kowa ne zai iya zuwa Kano duk wata ba. Na ga abubuwa masu daɗi a nan. Akwai wani yaro daga Jahun da aka kawo min shi tsamurarre, ya kai shekarun shiga sakandare amma tsayin ɗan firamare, fatarsa ta yi toka-toka. Bayan dashe ya riƙa tsawo kamar dawa a tsakiyar damina, duk zuwa sai na ga wandonsa ya ƙara ɗagewa. Ƙananan yara ba sa ba ni wahala, uwa ce ke ɗura musu. Manya ma ba sa ba ni wahala, sun san mutuwa, suna tsoronta. Waɗanda suka sa min furfurar nan su ne 'yan tsakiya, masu tashen balaga. Magani yana kumbura musu kumatu, yana fito musu da ƙuraje, wasu dasashi ya yi kauri, wasu hannu ya riƙa rawa. Ga shi sun ji ƙarfi a jikinsu. Saurayi ya dubi madubi, ya dubi ƙwayoyin, ya ce ai na warke. Ƙodoji da yawa a hannun madubi suka mutu.

Auwalu ɗan masunta ne daga wani ƙauye bayan Auyo, inda in damina ta yi nisa sai da kwalekwale. Bai kai ashirin ba lokacin da aka fara kawo shi wankin ƙoda, dogo, shiru-shiru, mai dogayen yatsu. Ɗan fari ne, don haka tun yaye yana hannun kakarsa ta wajen uba, Iya Fanna, tsohuwa mai faɗa wadda mutanenta daga wajen tafkin Cadi suka zo. Ubansa ma can yake tafiya kamun kifi, yakan yi wata da watanni bai waiwayo gida ba. Uwarsa kuwa, Hansai, gida ɗaya suke amma ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. In dole ta ambace shi sai ta ce "ɗan Iya". Shi kuma Yaya yake ce mata. A birni yanzu an fara sakin wannan kunyar, amma a can tana nan da ƙarfinta, mace takan mutu a kanta.

Da aka zo gwajin wanda zai ba shi ƙoda, uban aka fara dubawa, aka tarar yana da hawan jini. Aka gwada Hansai, jininsu ya dace. Likita ya zaunar da ita ya yi mata dogon bayani, ina fassara mata abin da ya yi nauyi: za a yanka ki, za ki rayu da guda ɗaya, ba dole ba ne, in kin ce a'a ba wanda zai ji daga bakinmu. Tana kallon tabarma har ya gama. Ta ce, "To." Ya ce ko tana da tambaya. Ta ce, "Kafin girbin shinkafa za a yi ko bayansa?"

Ni na raka su Kano. Da ta farfaɗo bayan aikin na je na tsaya a kanta, na ce, "Hansai, albishirinki, ɗanki ya yi fitsari." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya bango, duk da ciwon ɗinkin da ke gefenta. Can daga cikin mayafin na ji ta ce, "Iya ta samu ta ci abinci kuwa?" Wata ma'aikaciya da ba 'yar ƙasar nan ba ta ja ni gefe ta ce wannan mata ba ta da zuciya ne? Na ce mata ta je ta duba gefen cikinta ta ga inda zuciyar take.

Bayan sun koma gida komai ya tafi daidai, don Iya Fanna ta riƙe maganin kamar ibada. Agogo ba ya cikin lissafinta, sai muka ɗaure mata abin da rana: in ta fito a sha, in za ta faɗi a sha. A wani tsohon gwangwanin madara take ajiye ƙwayoyin, a rataye a wuyan randa, kuma ba ta barin wurin sai ta ce masa, "Buɗe bakin in gani, ɗan nema." Auwalu ya yi ƙiba, idonsa ya washe, ya koma makarantar dare da ya bari. In ya zo nan sai in ɗora hannu a mararsa in ji ƙodar tana kwance lafiya, in ce, "Hansai tana gaishe ka." Ya yi dariya ya sunkuyar da kai.

Wata rana ya miƙo min hannuwansa biyu. Yatsun suna rawa, ba sosai ba, kamar ganyen da iska ta ɗan taɓa.

"Maganin ne," na ce. "Yakan yi haka."

"Sista, tsinken ɗinki ba ya tsayawa a hannuna. Jiya na wuni a kan tarun kamun kifi ɗaya, ƙanena ya zo ya kwance ya sake. An hana ni shiga ruwa, na haƙura. An ce kada in sha na kogi, na haƙura. Ɗinkin ne kawai ya rage min a sana'ar gidanmu."

"Rai ya rage maka, Auwalu."

"Samari suna ce min Wata, don fuskar nan."

"Wata ai abin kallo ne. Su me ake ce musu?"

Ya yi murmushi don ladabi. Na gaya wa likita, aka duba jininsa, aka ɗan rage ƙwayar, rawar ta ragu amma ba ta tafi ba. Fiye da haka ba a iya ragewa.

Sai shekarar ruwa ta zo. Ku ƙanana ne lokacin, wataƙila abin da kuka riƙe shi ne an rufe makaranta. Ruwan bai zo da hayaniya ba. Kullum da safe sai ka ga ya matso kaɗan, ya lashe gindin katanga, ya kwanta. Gonakin shinkafa suka nutse, sai kan ciyawar kacalla kawai yake leƙowa. Hanyar da babura ke bi kwalekwale ya koma bi. Daga bakin gari in ka duba gabas ba ka sanin inda ruwa ya ƙare sama ta fara, balbelu suna tsaye a kan rufin rumbuna kamar an jera su. Abin yana da kyau, Allah ya gafarta mana, kyau mai ban tsoro. A wannan daminar na rasa wata yarinya 'yar Malam Madori da ƙodarta ke aiki sumul. Rijiyarsu ce ta haɗe da ruwan waje, gudawa ta kama gidan duka, kowa ya tashi ban da ita, don garkuwarta tana barci. Na yi baƙin ciki ƙwarai, har yau in na tuna ta abinci yakan fita kaina.

A cikin ruwan nan Iya Fanna ta rasu. Tsufa ne da zazzaɓi, aka kai ta kan tudu aka binne, labarin bai iso mu ba sai daga baya. Maganin Auwalu kuwa bai yanke ba, muna ba wani mai kwalekwale yana kai masa, yana dawowa da saƙo: yana gaisuwa, lafiyarsa ƙalau, in hanya ta buɗe zai zo.

Wata safiya na fito kiran layi sai na ga Hansai a ƙarshen benci, zaninta jiƙe har gwiwa. Ba ranar awonta ba ce. Ta bari kowa ya shiga ya fita, sannan ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gida, ta tambayi ruwa, na yi mata ta'aziyyar Iya. Sai ta kwance wata baƙar leda ta ajiye abin da ke ciki a gabana. Takalmin roba ne na maza, irin mai rufi. An sa wuƙa an tsaga saman kowanne tun daga baki har kusa da yatsu.

Ban tambaye ta na wane ne ba.

"Tun yaushe?"

"Ƙafa ɗaya tun bayan sadakar Iya. Ɗayar shekaranjiya."

"Sai me kuma?"

Tana kallon takalmin ta ce, "Sawun da ke ƙofar ɗakin ya faɗaɗa, yana nutsewa a taɓo. Da can da asuba ina jin an ɗauki buta an zaga, a sake zagawa kafin rana ta fito. Yanzu sau ɗaya ne, kuma ba a daɗewa. Tuwon da nake aikawa yana dawowa."

"Zazzaɓi fa?"

"Ana shanya bargo da safe, jiƙe da gumi."

 Na ɗauka ta gama. Sai ta ƙara, a hankali, kamar mai ba da labari mai daɗi: "An gyara tarun gidan kaf. Ɗinkin ya yi kyau, Sista. Ko na uban bai kai shi ba."

 Hannun da ya daina rawa, hannun da ya daina shan magani ne.

"Kin yi masa magana?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun shigowarta. "Da wane baki?"

Na bar ɗakin a hannun abokiyar aikina, na zuba kayan awo a jaka, muka hau babur zuwa Auyo, daga nan muka shiga kwalekwale. Ba zan manta tafiyar nan ba. Azahar ta kusa, ruwan ya kwanta lumui, gajimare a sama gajimare a ƙasa, mu a tsakiya kamar ba tafiya muke ba. Mai tuƙi yana nuna min da gora: nan kasuwa take, nan filin ƙwallo, nan gonar liman. Ina leƙawa sai in ga kan dawa yana kaɗawa a ƙarƙashinmu, ƙananan kifaye suna ratsa zangarniya. Hansai tana gaba ta ba mu baya, ledar takalmin a cinyarta, hannunta ɗaya dafe da gefen da aka yanka.  Ni kuwa zuciyata tana wajen naman nan da na ga ranar da aka dasa shi, ina ta roƙon Allah ya sa da sauran numfashi a cikinsa.

Mun same shi a gindin wata tsamiya a kan tudu, taru shimfiɗe a cinyarsa, ba takalmi. Daga nesa na tsaya ina kallon hannun. Tsinken yana shiga yana fita, ƙulli yana bin ƙulli, ko kallon abin ba ya yi. Gaskiya gwani ne. Kumatun sun saɓe, ya koma kyakkyawan saurayinsa, sai dai ƙasan idon ya tasa. Hansai ta wuce ta bayan zana ta shige gida.

"Sista! Ke ce a ruwan nan?"

"Miƙo ƙafar."

Na danna yatsa a ƙaurinsa na ɗaga. Ramin ya zauna, har ana iya zuba masa ruwa. Na sa shi ya kwanta a kan tarun, na ɗora tafin hannu a mararsa. Wurin ya yi zafi, ya yi tauri, ya cije leɓe.

"Ina gwangwanin?"

Ya aiki ƙanensa ya ɗauko. Cike yake har baki.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye muku ba, na yi faɗan da tsuntsayen tsamiyar suka tashi. Ya bari na gama sannan ya ce, "Iya ce take ba ni. Da ta rasu na ci gaba da sha. Wata safiya na manta, da yamma ma na manta. Kashegari na ɗauki tsinke sai na ji ya zauna a hannuna. Sista, na ce bari in gama taru ɗaya in koma. Da na gama na ga jikina lafiya lau. Kuma ba wanda ya ce min komai."

"Wa ya kawo min takalminka?"

Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi zanan da Hansai ta shige bayansa. 

A ranar muka fito da shi, kashegari muna Kano. Aka soka allura aka ciro ɗan tsoka daga ƙodar aka duba, aka tabbatar jiki ya juya mata. Aka shiga ba shi magani mai ƙarfi ta jijiya. Ni kuma na koma inda na fara, kujera da jakar roba, da furfurata. Kwanakin farko abin da ke taruwa bai cika kofin shayi ba. Hansai tana baranda a kan tabarma, ba ta shigowa. In na fito da kofin awo sai ta bi shi da ido har in wuce, ta haka take samun labari. Sannu a hankali ɗigon ya fara yawa, launinsa ya fara washewa, ƙafar ta fara saɓewa.

Likita ya kira mu ya ce an ceto ƙodar, amma ba duka ba. Wani sashe ya mutu, ba zai dawo ba. Abin da ya rage zai iya ɗaukarsa shekaru in an kiyaye. In aka sake ko sau ɗaya, sai komawa kan injin wankin ƙoda. Ya ce ba zai sallame shi ba sai an nuna masa mutum ɗaya da zai riƙa ganin ƙwayar nan ta wuce maƙogwaro da idonsa, safe da yamma. Uba yana tafki. Ƙanne yara ne, ba wanda zai iya ce wa yayansa buɗe baki.

Na fita baranda na zauna kusa da Hansai na gaya mata.

Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Ta ce, "In wannan ta lalace, ɗayar tana nan."

"Ba a cire biyu, Hansai. Wadda kika bayar ita ke nan. Yanzu ba ƙoda ake nema a wurinki ba, ido ake nema."

"Sista, kin san garinmu. In aka ga na tsaya a gabansa ina kallon bakinsa, da wace fuska zan je rijiya? Shi kansa ba zai iya haɗiyewa ba."

"Na sani. Ni ma 'yar fari ce. Uwata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Amma wannan abin ba ya jira."

 Da likita ya sake tambaya wa zai tsaya, sai ta ɗaga hannu kaɗan, kanta a ƙasa. Aka sallame su. Na dawo Haɗeja da damuwa fal cikina, don na san matar nan ba ta karya alkawari, na kuma san ba ta karya kunya, ban ga yadda biyun za su zauna a ɗaki ɗaya ba.

Da ruwa ya janye na je da kaina, ban aika ba. Na isa rana ta yi ja, ƙasa duk ta tsattsage, ana warin kifin da ake banda. Na yi sallama, Hansai ta shimfiɗa min tabarma a gefe, ta ce in ɗan jira, lokaci ya yi. Ta ɗauko wani faffaɗan daro ta ajiye a tsakar gida, ta cika shi da ruwa daga randa. Ta ɗora gwangwanin da moɗa a kan turmi a ɗaya gefen. Sannan ta zauna a gaban daron, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba yi duk rayuwarta, ta jira ruwan ya daina motsi. Ta ce wa ƙaramar 'yarta, "Ce wa ɗan Iya rana za ta faɗi."

Auwalu ya fito ya gaishe ni, ya je ya tsaya a ɗaya gefen daron. Na matso na leƙa ta kafaɗarta. Ga jan sama a cikin ruwan, ga reshen dalbejiya, ga shi a tsaye tun daga ƙirji har kai. Ya zuba ƙwayoyin a tafin hannu, hannun yana rawa. Ya watsa a baki, ya ɗaga moɗa, na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka a cikin ruwan. Ya sunkuyo ya buɗe baki ya ɗaga harshe, yadda Iya Fanna ta koya masa. Hansai ba ta ɗago ba. Ta sa yatsa ta taɓa ruwan, hoton ya watse, shi kuma ya juya ya tafi masallaci.

 Ruwan ya sake kwanciya, ba kowa a ciki sai sama. Tana nan tana kallonsa.

"Sista," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ashe idon mahaifina gare shi."

Shekaru ke nan yanzu, daron yana nan, ƙodar tana nan tana lallaɓawa. Ɗinkin taru ya bar wa ƙanensa, shi bandar kifi yake yi. Ranar Alhamis zai zo awo. Ke mai tabarau, ke za ki karɓe shi, tunda kin ce aikin ba wuya. Ki fara da takalminsa.